Kiɗan da Ba Zai Ƙetare Katangar Malam Baffa Ba

Tunda na dawo daga Damagaram ban huta ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona, kafin ya miƙo rediyon da ya kawo gyara sai ya ce, "Injiniya, wai da gaske an kusa ɗaure ka a kan iyaka?" Wani ya ce ya ji bam aka kama ni da shi a cikin kular abinci. Wani ma cewa ya yi aure na je nema. Na lura kullum labarin ƙara ƙiba yake a bakin mutane, shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Ƙanena Nura na je ɗaukowa. Nura makaɗin jita ne. A gidanmu na Yakasai ba a gaji kiɗa ba, shi dai Allah ya ɗora masa, ni kuma na ƙara wa wutar fetur, don ni na tayar masa da wata tsohuwar amfilifaya mai wat talatin, irin ta da mai aiki da bawul. Bawul su ne ƙananan kwalaben nan da ke yin ja kamar garwashi a cikin tsofaffin rediyoyi. Makaɗin da ya ɗanɗani muryarsu da wuya ya koma kan na zamani. Amma suna da hali guda: ba sa fito da muryar nan mai daɗi sai an murɗa su sun kai maƙura, sun fara 'yar dishewa. Wat talatin kuwa in ta kai maƙura a lungunmu, inda in ka yi atishawa maƙwabci ke amsa maka da yarhamukallahu, kun san abin da zai biyo baya.

Ɗakin Nura a jikin zaure yake, katanga ɗaya ce tsakaninsa da zauren Malam Baffa, dattijon da ke karantar da manyan littattafai. Malam ya yi magana, ya sake yi, daga baya ya kai wa mai unguwa. Nura kuwa zuciya a kusa. Ya saɓi jitarsa ya bi wasu Buzaye makaɗa zuwa Damagaram, Sallah ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, babu shi.

Inna ce abin ya ci. Idonta ya yi yana, ba ta gane mutum sai ya matso dab da ita. Wata rana ta kira ni ta ce, "Habu, da can in na ji ƙarar abin nan daga ƙofar ɗakina na san yana gida. Yanzu ido ya tafi, gidan kuma shiru kamar an yi rasuwa. Ka je ka zo min da shi tun ina da sauran numfashi."

Na fara da Malam Baffa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya ce, "Ni ban kori ɗan kowa ba, Habu. Sana'arsa tsakaninsa da Ubangijinsa ce. In abin bai ƙetaro katangata ba, ba ruwana. In kuwa ya ƙetaro ko sau ɗaya, mai unguwa shaida ne." Na kira Nura a waya. Ya ce, "Yaya, ba zan zauna inda zan riƙa kaɗa jita kamar ɓarawo ba. In ka samo akwatin da zai ba ni muryar nan bai tashi unguwa ba, kawo in ji da kunnena." Daga yadda ya faɗa na san a ransa ya gama yanke cewa babu irin wannan akwati a duniya.

To, sai na zauna na haɗa guda biyu daga gawar tsofaffin rediyoyi. Ɗaya mai wat biyar da babbar lasifika mai faɗin faranti. Ɗayan bai ma kai wat ɗaya ba, na sa masa 'yar lasifikar mota. Na gwada su a shago, na ji duk biyun suna da ladabi. A kan babban nake da rai, ƙaramin rakiya kawai zai yi.

Ranar tafiya Inna ta ce in ɗauki maganarta a waya in kai masa. Ta yi maganar da ƙarfi kamar mai kiran wani daga ƙetaren titi, na yi mata sallama har sai da na maimaita kafin ta amsa. Hankalina yana kan kaya, ban tsaya tunanin komai ba.

A tasha rigima ta fara. Direba ya jefa akwatunan a but, ya ɗauko buhun citta zai ɗora a kai. Na riƙe hannunsa. Ya ce, "Malam, ƙwai ne a ciki?" Na ce da ƙwai ne da sauƙi, ana sayar da shi a ko'ina. Bawul ɗin dai tun a gida na zare su, na naɗe kowanne a cikin safa, na jera su a kular abinci na rungume a cinya. Irinsu yanzu sai ka zaga rabin Kano ba ka samu ɗaya mai rai ba, in ɗaya ya fashe tafiyar ta ƙare a nan.

Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce, Hajiya Tabawa, mai kai atamfa Damagaram. Tun daga Ɗambatta take kallon kular. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ɗaga ta sama ina salati. Da muka wuce Kazaure ta kasa haƙuri ta ce, "Ɗan nan, wane irin abinci ne wannan da ake yi wa renon jariri, kuma ba a ce wa na kusa bismillah?" Na buɗe na nuna mata ɗaya. Ta dube shi, ta dube ni, ta matsa jikin ƙofa. Ta ce, "In ni ce kai, ba zan nuna wa kowa wannan a boda ba." Daga nan har Daura ban ƙara jin daɗin zama ba.

Da muka iso kan iyaka, ɓangarenmu mun wuce lafiya. A ɓangarensu aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i dogo mai gashin baki ya bi kayan yana dubawa, har ya iso kan akwatunana. Ya leƙa ta baya, ya ga wayoyi ja da baƙi, da taransifoma, da ramukan da bawul ke zama babu komai a ciki. Sai ya juyo kan kular.

"Malam, mi ke ciki?"

Na buɗe. Ya zare safa ɗaya, kwalbar ta faɗo tafin hannunsa da ƙafafunta na ƙarfe a tsaye. Gabana ya faɗi, ba don tsoronsa ba, don tsoron kada ya sake ta. Na ce, "Ranka ya daɗe, a hankali, tana fashewa."

Ban taɓa faɗin kalmar da ta fi wannan muni ba. Fashewar kwalba nake nufi, amma wurin ya yi tsit. Wani soja da ke zaune a inuwa ya miƙe, ya gyara riƙon bindigarsa. Fasinjojin motarmu suka ja da baya kamar ba su taɓa ganina ba. Na fara bayani, ina cewa kayan kiɗa ne, na ƙanena ne, jita ake jonawa.

Jami'in ya ce, "Ina jitar?"

Babu jita, tana Damagaram. Ya ce to in kunna ya ji, in kuwa abin bai yi kiɗa ba, ni da kayan duk nan za mu zauna. Aka raka ni rumfar wani mai cajin waya da ke da janareta. Nan kuma filogina ya ƙi shiga. Namu mai baki uku ne, nasu soket ɗin ramuka biyu ne zagayayyu. Mai cajin ya tona cikin kwali ya zaro wata tsohuwar wayar jone mai karɓar kowane iri, Allah ya saka masa da alheri. Na mayar da bawul ɗin babban akwatin, na danna maɓalli.

Shiru. Ni na san dalili, bawul sai ya yi zafi yake magana, kamar dutsen guga na gawayi. Su ba su sani ba. Abin da suke gani kawai shi ne kwalabe sun fara ja a hankali a cikin akwati mai wayoyi, mai shi kuma yana gumi. Sojan ya ce wa mutane su matsa. Na ji wata mata tana jan Ayatul Kursiyyu a bayana. Don in nuna musu abin yana raye sai na taɓa bakin wayar jitar da yatsa, lasifika ta yi wani gurnani, buuu, mai cajin ya tsallake benci ya bar rumfarsa.

Hajiya Tabawa ce ta cece ni. Daga nesa ta ɗaga murya ta ce, "Kai, sa masa wani abu daga wayarka mana! Ba ka da ko wa'azi?" Ina da 'yar wayar da nake jona salula a amfilifaya in ina gwaji. Na jona, na danna abin da yatsana ya fara taɓawa. Sai muryar Inna ta cika kan iyaka.

"Nura, ni ce. Ka dawo gida haka nan. Ba wanda ya kore ka. Na ajiye maka ɗakinka, ko tsinke ba a taɓa ba. Idona ya tafi, Nura, ka zo in ji motsinka." Sannan ta ce, "Habu, ya ɗauka? Ka ce me? Ɗaga murya mana."

Kunya ta rufe ni, sirrin gidanmu a tsakiyar kasuwa. Jami'in ya tsaya yana kallon akwatin har maganar ta ƙare. Ya miƙo min safata ya ce, "Kwashe kayanka ka tahi. Allah ya ba tsohuwa lahiya." Direba yana ta danna hon, ban iya jira bawul su huce ba, na zare su da zafinsu. Tabon yana nan a yatsuna biyu, duk mai shakka ya zo ya gani.

Damagaram gari ne da ba ya sa Bakano jin baƙunta sosai. Hausa ce, sai dai sun ɗan lanƙwasa ta. Wutar lantarki kuran suke ce mata, asibiti likita, ɗan acaɓa kabu-kabu. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mai tauri a baya, da na gan shi na ɗauka na kwana uku ne, ashe daga gidan burodin aka kawo shi. Ɗan kabu-kabu biyu na ɗauka, ɗaya ni da kula, ɗaya akwatuna, wuyana har ya yi ciwo don waiwaye.

Nura yana zaune a gidan shugaban ƙungiyarsu, wani Buzu mai suna Agali, mutum mai sanyin magana wanda ban taɓa ganin bakinsa ba don rawani. Nura ya rame, ya yi baƙi, ya koyi naɗa rawanin shi ma. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya tambayi Inna, ya tambayi iyalina. Malam Baffa kam bai tambaya ba. Da ya ga akwatunan sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, waɗannan ne? Na ɗauka rediyon kicin ka kawo wa matar Agali." Na ce mu gwada yanzu. Ya ce yau suna da biki, sai gobe.

Aka ba ni ɗaki ɗaya da shi, katifa a ƙasa da gidan sauro. Aka kawo dambu da zogale, sannan shayi. Mu a Kano shayi a kofi ake zuba shi da madara a shanye a tashi. Su kuwa zama ake yi masa, 'yar buta a kan gawayi, ɗan kofi kamar murfin kwalba, na fari ɗaci kamar maɗaci, kuma ba a tashi sai an sha na ƙarshe. Ga cuku busasshe da ake tsomawa a ciki. Ni da ke kan ƙaya, ji nake kamar in kwaɓe butar.

Da yamma na bi su bikin, kuma da na sani da ban je ba. A fili aka shimfiɗa tabarmi, aka tayar da janareta, aka kafa wata ƙatuwar amfilifaya ta zamani mai wat ɗari. Maza da mata da dattawa duk suka zauna. A wurinmu mai kiɗa daga bakin ƙofa yake tsayawa, a nan kuwa uban ango da kansa ya taso ya kama hannun Nura ya kai shi mazauninsa. Da ya fara kaɗawa wani tsoho ya taso ya ɗora masa rawani a kafaɗa. Muryar amfilifayar a kunnena busasshiya ce, ƙara ce kawai mai kaifi, amma wa ya damu? Na ga ƙanena yana dariya da dukan fuskarsa, abin da na manta rabon da in gani. Na ce a raina, Habu, daga nan kake so ka ɗauke shi ka kai shi ɗakin da zai riƙa jin tsoron katanga? Tsoro ya kama ni sosai, na tabbata ni kaɗai zan koma.

Washegari da hantsi muka zauna a ɗakin. Na ce Agali ya fita ya tsaya bayan katanga ya zama mana Malam Baffa. Na fara da babban. Na bar shi ya yi zafi sosai, na miƙa wa Nura waya. Ya taɓa tsirkiya ɗaya a hankali, ya saurara. Ya murɗa maɓallin ya kai rabi, ya sake kaɗawa. Sai ya murɗa shi duka.

Wallahi ko ni da na haɗa shi ban san yana da wannan murya ba. Mai kauri, mai ɗumi, in ya taɓa a hankali ta fito sumul, in ya danna ta dishe ta ja dogon numfashi kafin ta mutu. Nura ya rufe ido. Ya yi ta kaɗawa bai ko dube ni ba. Amma tun kafin ya tsaya na ji kwanon rufi yana amsawa, kofunan shayi suna rawa a kan faranti. Agali bai dawo da wuri ba. Da ya shigo ya ce, "Na tsaya bayan katanga, ina ji. Na tahi bakin hanya, ina ji. Na kai wurin mai nama, shi ma ya ce a gaida Nura."

Kuskurena a fili yake. A shago na yi gwajina, bakin titi, ga adaidaita, ga janaretan maƙwabta, ga injin markaɗe. A cikin wannan hayaniya ko jaki ya yi kuka sai ka ce mai ladabi ne. Kuma na san kunne ba ya bin lissafin wat, wat biyar ba ta yi ƙasa da talatin yadda mutum zai zata ba, na sani sarai, son zuciya ne ya sa na ƙi tunawa. Na ce ya rage. Ya rage har inda Agali ya daina ji, sai muryar ta koma salam, duk kaurin ya gudu.

Nura ya ce, "Ka ji ko? A inda yake da daɗi, Malam Baffa zai ji shi ko yana Ƙofar Dawanau. A inda ba zai ji ba, ni ma ba na son ji."

Na jona ƙaramin. Ya kai shi maƙura, dishewar ta zo, Agali ya leƙo ya ce bai ji komai ba. Amma muryar siririya ce, ba ta da gindi, kamar sauro a cikin gwangwani. Nura bai ma ƙarasa ba. Ya jingine jitar a bango ya ce, "Yaya, ka sha hanya. Ka gaida Inna, ka ce ina nan zuwa ganinta da Sallah." Ya miƙe zai fita.

Na ce, "Zauna." Ban taɓa yi masa tsawa irin wannan ba tunda ya girma. Ya zauna. Na tsura wa akwatunan ido, kaina yana zafi. Babban yana da ƙirji amma ya cika ƙarfi. Ƙaramin yana da ladabi amma ba ƙirji. Ƙirjin nan kuwa ba daga bawul yake ba, daga lasifika yake, ni na cuci ƙaramin da na ba shi ta mota. Na kashe su duka, na zaro ƙarfen liƙi da dalma, na cire wayar babbar lasifikar zan kai ta kan ƙaramin. Ƙarfen ya fara zafi ke nan, fanka ta tsaya.

Agali ya ce, "Kuran ya tahi."

Janaretan kuwa an bar shi gidan biki. Muka zauna jiran wuta, ni da Nura ba mai kallon wani. Agali ya hura gawayi ya ɗora shayi, na ce ya ba ni aron garwashin, na tura bakin ƙarfen a ciki na yi liƙin haka. Amma gwaji sai da wuta. Azahar ta yi, muka yi salla, muka dawo muka zauna. A nan na miƙa wa Nura wayata na ce ga saƙon Inna. Ya kara a kunne, ya juya min baya, ya daɗe a haka bayan maganar ta ƙare.

Gab da la'asar fanka ta motsa. Na kunna, muka jira bawul ya yi ja. Nura ya ɗauki jitar ba da son ransa ba, ya kaɗa. Ya tsaya. Ya sake kaɗawa, ya matso da kunnensa. Muryar babban ce, da kaurinta da dishewarta, sai dai ta zauna a ɗaki ba ta neman ƙofa. Agali ya dawo ya ce in ya manna kunne a bango yana jin wani abu kaɗan, in ya ja baya babu. Babbar lasifika ta ƙara wa abin ƙarfi, wannan ba makawa. Bangonsu na bulo ne, namu ginin ƙasa ne mai kauri tun na kakanni, amma wa zai rantse?

Nura ya ce, "Zan bi ka in gwada. Amma in ya ce ya ji, ko ƙarya ya yi, motar da ta kawo ni ita za ta mayar da ni." Ko kayansa bai kwashe ba, jita kawai ya ɗauka da 'yar jaka.

A kan iyaka jami'in nan mai gashin baki ya gane kular tun daga nesa. Ya dubi jitar, ya dubi mai ita, ya ce, "Kai ne Nura? Tahi gida, tsohuwa na kira." Nura ya dube ni yana neman bayani, na ce sai mun isa.

Inna ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta ce ya rame, ta yi kuka ta yi dariya. Ban gaya mata zaman nasa da sharaɗi ba ne. Washegari bayan la'asar mai unguwa ya zo ya shiga zauren Malam Baffa, suka zauna su biyu a jikin katangar. Na ɗora akwatin a kan tabarma, na juya bakinsa ya bar bangon, na rufe taga. Inna tana cikin gida a ƙofar ɗakinta inda ta saba zama, an gaya mata yau za a yi kiɗa.

Nura ya murɗa ya kai maƙura, ya fara. Ni ban ji daɗin ko ɗaya ba, kunnena yana kan bango, ina jiran a buga shi da sanda kamar yadda Malam ya saba. Ba a buga ba. Ya gama waƙa ɗaya, ya shiga ta biyu, ya saki jiki, gumi yana zuba daga goshinsa. Na fara cewa alhamdu lillahi a zuci. Sai muryar Inna ta taso daga tsakar gida, da ƙarfin nan nata.

"Habu! Wai har yanzu bai fara ba? Ko ya fita ne?"

Hannun Nura ya tsaya a kan tsirkiya. Muka dubi juna. Na auna bulo, na auna ginin ƙasa, na auna kunnen Agali da na Malam Baffa, na je har wata ƙasa na dawo, kunnen da aka yi tafiyar dominsa shi kaɗai ban auna ba. Ashe ba ido ne kawai ya ja baya ba. Ji na yi kamar in zauna a ƙasa in yi kuka.

Muna haka aka yi sallama a zaure. Malam Baffa ne a gaba da sandarsa, mai unguwa a baya. Muka fito muka durƙusa. Malam ya ce, "Ban ji komai ba. Mai unguwa ma bai ji ba." Ya nuna cikin gida da haɓa. "Sai muryar mahaifiyarku, ita kam ta ƙetaro."

Ya leƙa ɗakin, ya nuna ɗaya akwatin da sanda. "Wancan fa? Shi ne mai bakin?"

Na ce, "Shi ne, Malam."

"Tsakanin la'asar da magariba ba ni da ɗalibai. In an kira salla a kashe. Ranar Juma'a ban yarda ba." Ya juya ga Nura, ya haɗe rai. "Kai kuma ba don kai ba ne, kada ka ɗauka. Jona mata."

Ya fita yana gyara rawani a kan kunnuwansa. Na mayar da lasifikar kan babban. Na buɗe taga. Muka jira bawul ya yi ja, Nura ya share idonsa da hannun riga, ya murɗa maɓallin duka, ya kaɗa. Tattabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya.

Daga cikin gida Inna ta ce, "Yawwa, ga shi nan. Yana gida. A ɗora masa tuwo."